Haɗe Bashin Karatu ko Fara Biya a Lokacin Jinkiri: Amsa ga Wani Ɗan'uwa a Amurka

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka ya aiko da tambaya, ga kuma taƙaitonta. Ya kammala digirinsa na biyu amma bai sami cikakken aiki ba tukuna, sai na 'yan sa'o'i a mako, don haka ya nemi a jinkirta masa biyan bashin karatun da ya ci daga gwamnatin tarayya, aka kuma amince. Basussukan guda huɗu ne, dukansu na tsarin Direct, wato wanda gwamnati ke bayarwa kai tsaye ba ta hannun banki ba. Biyu na zamanin digirin farko ne, masu tallafi: dala 4,500 a kan kuɗin ruwa kashi 2.75 cikin ɗari, da dala 5,500 a kan kashi 3.73. Sauran biyun na digiri na biyu ne, marasa tallafi: dala 20,500 a kan kashi 7.05, wanda ruwan dala 3,100 ya riga ya taru a kansa, da dala 10,000 a kan kashi 8.08, mai tarin ruwan dala 900. Ya kwashi adashi, yana riƙe da dala 8,000. Wasu abokansa na cewa ya haɗe basussukan su zama ɗaya ya huta, wasu kuma na cewa ya fara biya tun yanzu, shi kuma abin da ya fi damunsa shi ne kuɗin ruwan da yake gani yana ƙaruwa.

Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka haɗe, ka fara biya, amma ba da dukkan kuɗin da ke hannunka ba, kuma ba a kan dukkan basussukan ba. Na daɗe ina zama da ɗalibai da iyayensu a kan irin waɗannan takardu, kuma kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar haɗewa da biya a matsayin hanyoyi biyu da ke kaiwa wuri ɗaya. Biya yana rage bashi. Haɗewa ba ta rage ko sisi. Abin da take yi shi ne gwamnati ta biya tsofaffin basussukanka da kanta, ta rubuta maka sabon bashi guda a madadinsu, da sababbin sharuɗɗa. Akwai mutanen da wannan sabon rubutu yake buɗe wa ƙofar da take rufe, zan kuma zo kansu, amma kai ba ka cikinsu bisa ga abin da ka faɗa.

Mu fara da abin da ke faruwa da basussukanka a yau da kake cikin jinkiri. Masu tallafin nan biyu, waɗanda jimillarsu dala 10,000 ce, barci suke yi, domin a tsawon jinkiri gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ruwansu, kuma yadda ka bar su haka za ka tarar da su. Marasa tallafin kuwa ba su san da wani jinkiri ba. Ana lissafa ruwansu kullum, ta hanyar ninka uwar kuɗi da kason ruwa sannan a raba da kwanakin shekara. Na dala 20,500 yana haifar da kusan dala 3.96 a rana, na dala 10,000 kuma kusan dala 2.21. Wato kowace safiya ka tashi da ƙarin dala 6.17, abin da ya kai kimanin dala 188 a wata, ko dala 2,253 a shekara, ba tare da ka taɓa komai ba.

Sauƙin da ake da shi a yanzu shi ne ruwan da ya taru ba ya haifar da nasa ruwan, yana gefe ne a ajiye. Amma wannan sauƙi yana da wa'adi. Tun daga 1 ga Yulin 2023 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta daina ɗora tarin ruwa a kan uwar kuɗi a yawancin wuraren da ta saba yi, kamar lokacin da ɗalibi ya fara biya bayan sassaucin wata shida na kammala karatu. Sai dai ƙarewar jinkiri a kan bashi marar tallafi yana cikin wuraren da dokar majalisa ta tilasta a ɗora, don haka yana nan daram. Idan ka ƙara shekara guda cikin jinkiri ba ka biya komai ba, tarin ruwanka zai kai dala 6,253, kuma ranar da jinkirin ya ƙare duk zai koma uwar kuɗi ya fara haihuwa, ya ƙara maka kimanin dala 460 a kan ruwan kowace shekara.

Yanzu a ce ka bi shawarar abokanka na farko. Neman haɗewa kyauta ne a shafin StudentAid.gov, kuma ana karɓar bashin da ke cikin jinkiri. Ranar da aka kammala, dala 4,000 ɗin nan na ruwa za ta shiga cikin uwar kuɗin sabon bashi nan take, ya zama dala 44,500. Kason ruwan sabon bashin kuma ba ragi ba ne, matsakaicin na tsofaffin ne gwargwadon nauyin kowanne, sannan a ɗaga shi sama zuwa ɗaya bisa takwas na kashi mafi kusa. Naka zai fito kimanin kashi 6.46, a ɗaga shi ya koma 6.5. Jinkirin da kake ciki ba ya bin ka zuwa sabon bashi. Biyan farko yana zuwa ne cikin kwana 60, sai dai idan ka sake neman jinkiri aka sake amincewa. Kuma da zarar an haɗe, bakin alƙalami ya bushe, babu hanyar warwarewa.

Adalci ya sa in faɗi abin da mai goyon bayan haɗewa zai iya kafa hujja da shi, domin yana da ɗan gaskiya. Sabon bashin yana da ɓangare mai tallafi da marar tallafi, kuma idan ka sake samun jinkiri, gwamnati za ta ci gaba da ɗaukar ruwan ɓangaren farko. Marar tallafin kuma zai sauko daga kashi 7.05 da 8.08 zuwa 6.5. Amma in ka ɗauki biro ka lissafa, kashi 6.5 na dala 34,500 dala 2,242 ne a shekara, alhali yanzu kana tara dala 2,253. Ribar dala 11 ke nan a shekara, kuɗin da ba zai sayi abincin rana ba a garin da kake. A madadinta kuma ka ɗauki bashin da ka ci a kan kashi 2.75, wanda ka dace da shi a zangon 2020 zuwa 2021 lokacin da annobar korona ta karya kuɗin ruwa, ka mayar da shi kashi 6.5 har ranar da za ka gama biya.

Babbar asarar ma ba wannan ba ce. Muddin basussukan suna rarrabe, kana da ikon ka nuna wanda za a kai wa sara. Kowace dala da ka jefa a kan na kashi 8.08 tana kashe ruwan kashi 8.08. Da zarar sun zama ɗaya, wannan zaɓi ya tafi, kowace dala kashi 6.5 kawai take kashewa. Dala 5,000 a kan bashi mafi tsada tana rage maka dala 404 a shekara, a kan haɗaɗɗen bashi kuwa dala 325. Mutumin da ke da niyyar biya da wuri, kamar yadda na fahimci kai kana da ita, shi ne wanda haɗewa ta fi cuta.

Abin da ke jan hankalin mutane zuwa haɗewa shi ne raguwar biyan wata-wata, kuma lallai yana raguwa, amma ta hanyar miƙe shekaru ne. A tsohon jadawalin haɗewa, bashin da ke tsakanin dala 40,000 da 60,000 ana ba shi shekara 25. Dala 44,500 a kan kashi 6.5 cikin shekara 10 tana nufin kimanin dala 505 a wata, jimillar ruwa kuma kusan dala 16,100. Cikin shekara 25 biyan wata zai sauko zuwa dala 300, amma jimillar ruwan za ta haura dala 45,000, wato ta fi uwar kuɗin kanta. Na sha ganin fuskar mutum ta saki idan ya ji dala 300, sannan ta sake ɗaurewa idan na juya masa takardar ya ga lambar ƙasa. Bugu da ƙari, wanda bashinsa na Direct ya wuce dala 30,000 yana iya neman tsarin miƙaƙƙen biya na shekara 25 a kan tsofaffin basussukansa ba tare da ya haɗe ba, don haka ko wannan sauƙin ba haɗewa ce kaɗai ke bayar da shi ba. Haka ma maganar samun takardar biya guda: galibi kamfani ɗaya ne ke karɓar dukkan basussukan Direct na mutum ɗaya, ko MOHELA ne ko Nelnet ko Aidvantage ko Edfinancial, kuma biya ɗaya ake yi a wata ko da basussukan sun kai goma.

Akwai kuma wani sabon dalili na yin hattara. Dokar da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta raba masu bashi gida biyu. Bashin da aka bayar daga 1 ga Yulin 2026 zuwa sama yana da hanyoyin biya biyu ne kawai, sabon tsarin biya na bai-ɗaya mai shekara 10 zuwa 25 gwargwadon yawan bashi, da sabon tsarin da ake kira RAP wanda ke bin kuɗin shigar mutum har tsawon shekara 30. Bashin da aka bayar daga 1 ga Yulin 2027 kuma ba shi da jinkirin rashin aiki ko na ƙuncin rayuwa. Haɗaɗɗen bashi sabon bashi ne a idon doka, ranar haihuwarsa ita ce ranar da aka haɗe shi. Saboda haka wanda ya haɗe bayan waɗannan ranaku ya fitar da kansa daga tsofaffin sharuɗɗa da hannunsa, ciki har da irin jinkirin da kake cin moriyarsa yanzu, wanda iyakarsa wata 36.

To su wane ne haɗewa take yi wa amfani? Na farko su ne masu tsohon bashin FFEL, wanda bankuna suka bayar da lamunin gwamnati kafin a rufe tsarin a tsakiyar 2010, domin irin wannan bashi ba ya shiga shirin yafiya na ma'aikatan gwamnati sai an mayar da shi Direct. Sai masu bashin Perkins, wani tsohon bashin karatu na tarayya wanda aka daina bayarwa a 2017, ko da yake su ma sai sun auna, domin haɗewa tana ɗauke musu wata yafiya ta musamman da malaman makaranta da ma'aikatan jinya ke samu a ƙarƙashinsa. Sai kuma wanda ya shafe kwana 270 bai biya ba har bashinsa ya faɗa sahun waɗanda aka gaza biya, inda gwamnati ke iya riƙe kuɗin harajin da za a mayar masa ko ta yanki har kashi 15 na albashinsa. Shi haɗewa tana cikin hanyoyin fitarsa daga rami. Iyayen da suka ci bashin PLUS don 'ya'yansu su ma ita ce hanyarsu ta shiga tsarin biya gwargwadon samu, sai dai sabuwar dokar ta iyakance wannan dama ga waɗanda suka haɗe kafin Yulin 2026. Kai basussukanka duk Direct ne, babu wanda ya lalace, kuma duk ƙofar da haɗewa za ta buɗe a buɗe take a gabanka.

Kada kuma ka rikita wannan da tayin da bankuna da kamfanoni masu zaman kansu ke turowa ta wasiƙa, cewa za su saye bashinka su ba ka ruwa mai sauƙi. Wanda ya karɓa ya bar inuwar gwamnati gaba ɗaya: babu jinkirin rashin aiki na doka, babu biya gwargwadon samu, babu yafiya, babu tabbacin shafe bashi idan mutum ya rasu ko ya nakasa, abin da bashin tarayya ke da shi. Ga wanda ba shi da tsayayyen aiki ma ba abin dubawa ba ne. Haka duk wanda ya bugo waya ya ce a biya shi kuɗi ya haɗe maka bashin gwamnati, ka kashe wayar, domin abin da zai sayar maka kyauta ake yin sa.

Kafin ka taɓa dala 8,000 ɗinka, akwai tambaya ɗaya da za ta iya juya shawarata. Wane irin aiki kake nema? Idan hankalinka yana kan aikin gwamnati, ko makarantar gwamnati, ko asibiti ko ƙungiyar da ba ta neman riba, to shirin PSLF da aka kafa a 2007 yana yafe ragowar bashi bayan biya 120 na wata-wata, wato shekara 10 kana cikakken aiki a irin waɗannan wurare. Wanda ya kama wannan hanya, duk dalar da ya biya fiye da abin da aka wajabta masa ya rage abin da za a yafe masa ne kawai. Idan kuwa kamfani kake nema, kuma kana sa ran albashin da zai biya dala 44,500 cikin shekara goma ko ƙasa da haka, to biya da wuri shi ne daidai. Ya kamata kuma ka duba tsarin IBR, wato biya gwargwadon samu, a matsayin madadin jinkirin kansa. Ga wanda ya fara cin bashi daga Yulin 2014, biyan wata kashi 10 ne na abin da ya haura ninki ɗaya da rabi na ma'aunin talauci, kuma ga mai ƙaramin samu irin naka na yanzu yana iya zama sifili, alhali watannin suna shiga ƙirgen shekara 20 na yafiya, abin da watannin jinkirin rashin aiki ba sa yi. Sai dai ka tuna cewa fita daga jinkiri ita ce ke jawo ɗora ruwa a kan uwar kuɗi, don haka abin da za ka biya, ka biya shi kafin ka fita.

A kan kuɗin da ke hannunka, ba zan ce ka zuba duka ba. Kuɗin da ya shiga bashin karatu ba ya dawowa, kuma idan mota ta lalace ko kuɗin haya ya taso aljihu babu komai, katin bashi za ka koma wa, wanda ruwansa ya ninka na bashin karatu sau biyu ko uku. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ga kuma zubin adashin da ka kwasa, wanda amana ce a wuyanka kuma ba ta da jinkiri, da kuma abin da ake aikawa gida. Ka ware abin da zai riƙe ka wata biyu ko uku. A ce dala 3,000 ce, sai 5,000 ta rage.

Inda za a sa wannan dala 5,000 shi ne wurin da shawarar da aka saba ji take kuskure kaɗan. Za ka ji ana cewa a fara share dukkan tarin ruwa kafin a ɗora shi a kan uwar kuɗi. In ka yi haka, dala 4,000 za ta tafi a kan ruwan basussukan biyu, dala 1,000 kawai ta taɓa uwar kuɗi, kuma abin da za ka rage a tsawon jinkiri dala 81 ce a shekara, bayan jinkiri kuma dala 372. In kuwa ka tara kuɗin duka a kan na kashi 8.08, dala 900 za ta share ruwansa, domin ƙa'ida ita ce ruwa ake fara biya kafin uwar kuɗi, sannan dala 4,100 ta sauko da uwar kuɗin zuwa dala 5,900. Tun daga washegari ruwan da ke taruwa zai ragu da dala 331 a shekara, bayan jinkiri kuma ragin zai zama dala 404. Dalilin bambancin shi ne tarin ruwa a yanzu ba ya haihuwa, uwar kuɗi ce ke haihuwa, kuma wadda ke kan kashi 8.08 ta fi kowace yawan 'ya'ya. Masu tallafin kuwa kada ka ba su ko dala ɗaya muddin suna barci, su ne na ƙarshe a layi.

Game da damuwarka ta kuɗin ruwa ta fuskar addini, hukunci na malamai ne, kuma su ya kamata ka zauna da su. Abin da lissafi ke nunawa shi ne haɗewa tana ƙara yawan ruwan da za ka biya da tsawon shekarun da za ka zauna cikinsa, biya da wuri kuma yana rage duka biyun, kuma doka ba ta ɗora tara a kan wanda ya biya kafin lokaci. Ƙannenka da ke karatu a Najeriya, idan sun karɓi bashin NELFUND da aka kafa da dokar 2024, ba su da wannan lissafi ko kaɗan, tunda nasu ba shi da ruwa kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya, don haka kada wani ya auna nasa da naka.

Saura yadda za a biya, wanda nan ne kuɗin mutane ke ɓacewa cikin shiru. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina da takardarta, ta biya dala 3,000 da nufin kashe bashinta mafi tsada, sai ta ga bai ragu yadda ta zata ba. Da muka bi layin takardar da yatsa, muka tarar kamfanin ya raba kuɗin a kan basussukanta shida gwargwadon girmansu, har da masu tallafi, domin ta latsa maɓallin biya na gaba ɗaya ba ta zaɓi komai ba. Sai da aka yi makonni ana rubuce-rubuce kafin a gyara. Don haka idan ka shiga shafin kamfaninka, ka nemi wurin da ake biyan bashi ɗaya-ɗaya, ka tabbatar da lambar bashin da kason ruwansa na 8.08 kafin ka tura. In shafin bai ba da wannan zaɓi ba, ka rubuta musu saƙo cewa a sa kuɗin duka a kan wannan bashi, kuma kada a ɗauke shi a matsayin biyan watanni masu zuwa, sannan ka ajiye hoton saƙon da ranarsa. Ka kuma tambaye su a rubuce ranar da jinkirinka zai ƙare, domin na rashin aiki ana sabunta shi ne lokaci-lokaci, kuma idan ya ƙare ba ka sani ba, ɗora ruwan zai auku ba tare da an yi maka sallama ba. Biya a cikin jinkiri ba ya soke jinkirin. Bayan kwana goma ka koma ka duba; abin da ya kamata ka gani a gaban wannan bashi shi ne uwar kuɗi kusan dala 5,900, da ruwan da ke taruwa kimanin dala 1.31 a rana a maimakon 2.21.